Alkaliniti ya ƙi tsayawa, kalshiyam yana ta hawa: yaya zan daidaita ɗigar sinadarai a tankin murjani?

Abban Murjani, Tumfure, Gombe

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida manya da ƙanana, musamman waɗanda suka riga mu shiga harkar kiwon murjani mai rai a tankin ruwan gishiri. Na zo da wata matsala da ta shafe kusan wata guda tana hana ni sukuni, kuma zan yi bayaninta a tsawace domin wanda zai ba ni shawara ya san ainihin inda aka kwana.

Tankina, idan aka haɗa shi da ƙaramin tankin tacewa na ƙasa, yana cin lita 350, amma da na cire gurbin duwatsu da yashi na ƙiyasta ruwan ciki a kan lita 300. Ya shekara ɗaya da wata huɗu. Nau'o'in murjanin da ke ciki su ne Montipora uku, da Euphyllia biyu, da ƙananan rassan Acropora huɗu da aka kawo mini daga Legas bayan damina. Duk ruwan da nake amfani da shi daga injin tacewa na RO yake fitowa, kuma mitar TDS, mai auna abin da ya narke a ruwa, tana nuna sifili ko ɗaya. Da hannuna nake haɗa sinadaran biyu: giram 84 na bekin soda a lita ɗaya domin alkaliniti, wato ƙarfin ruwa na kashe tsami, wanda yawancinsa daga baikabonet da kabonet yake zuwa, da giram 73.5 na kalshiyam kulorayid, irin mai ɗauke da ƙwayoyin ruwa biyu, a wata litar. Famfon ɗiga yana zuba mililita 40 na kowanne a kullum.

Wata da watanni komai yana tafiya lafiya, alkaliniti yana tsakanin 8.0 da 8.2 a ma'auninsa na dKH, kalshiyam yana wajen 420 ppm, wato kimanin miligiram 420 a kowace lita. Da hunturu ya kama sai alkaliniti ya fara zamewa, cikin kwana goma ya sauko daga 8.2 zuwa 6.7. Na gwada kalshiyam na ga 400, hankalina ya tashi, na ɗauka shi ne tushen matsalar tunda da shi murjani yake gina ƙashinsa, sai na ɗaga nasa zuwa mililita 100 a rana. A daidai wannan lokaci pH ma, wato ma'aunin da yake sauka idan ruwa ya ƙara tsami, ya yi ƙasa, da asuba nakan ga 7.8, domin tagogin falon a rufe suke dare da rana saboda ƙura. Na taɓa karanta cewa gasasshen bekin soda yana ɗaga pH, don haka na gasa shi na awa ɗaya, na auna giram 84 na gasasshen, na narka a lita ɗaya kamar yadda na saba. Ran wata Juma'a bayan sallar isha'i na ɗebi mililita 150 na sabon haɗin na juye gaba ɗaya a tankin ƙasa, dab da inda bututun kalshiyam yake ɗiga.

Ban kai ga ajiye kofin ba ruwan ya turnuƙe ya yi fari kamar an tsiyaya madara, har duwatsun baya suka ɓace mini. Bayan awa biyu na gwada alkaliniti na ga 8.6. Kwana uku da yin haka ya dawo 7.0, kuma tun daga ranar yana nan tsakanin 6.9 da 7.1, alhali famfon yana ɗiga mililita 40 na gasasshen haɗin. Kalshiyam ya kai 450. Hita da farfelar famfon da ke mayar da ruwa sama sun yi wani farin ɓawo mai kaushi irin na gindin tsohuwar butar shayi, yashi ma ya dunƙule a lungu ɗaya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Acropora biyu da namansu ya zame daga kan tsini, kamar tsawon ƙwayar shinkafa, farin ƙashi ya fito fili.

Ƙarfin gishiri a yanzu 1.028 ne, magniziyam kuwa ban taɓa gwada shi ba. Tambayata ita ce, alkaliniti zan ƙara ko kalshiyam zan rage, kuma ta wace hanya zan koma 8 ba tare da na sake ƙona murjanin ba? Sannan wani abokina ya ce in gwada kanwa tunda tana da arha kuma dangin soda ce. Shin hakan zai yiwu? Allah ya saka da alheri.

Malamin Kimiyya, Yelwa, Bauchi

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, Allah ya kiyaye gaba. Bayanin da ka kawo ya wadatar, kuma kusan dukan amsar tana cikin lambobinka.

Murjani yana gina ƙashinsa ne da kalshiyam kabonet, kuma kowace ƙwaya ta kalshiyam da ya ɗauka tana tafiya da ƙwaya ɗaya ta kabonet, ba daɗi ba ragi. Idan aka mayar da wannan zuwa ma'aunin da muke amfani da shi, duk 1 dKH da alkaliniti ya sauka, kalshiyam yana sauka da kimanin 7 ppm ne kawai. Ruwan teku yana ɗauke da kalshiyam wajen 420 ppm, alkaliniti kuwa wajen 7 dKH, wato ɗaya rumbu ne cike, ɗaya kuma ɗan kwano ne. Mudu ɗaya idan aka ɗiba a rumbu ba a gane an taɓa shi, amma a kwano nan take ake ganin gindi. Saukar 1.5 dKH da ka gani tana daidai da kalshiyam kimanin 11 ppm, kuma kayan gwajin kalshiyam na gida suna iya kuskure da kwatankwacin wannan adadi. Saboda haka 400 ɗin da ya tayar maka da hankali ba cuta ba ce. Da alkaliniti ake sanin abin da tanki yake ci a rana, kalshiyam kuwa bin sa yake yi a baya, a duba shi sau ɗaya a mako ya isa.

Yanzu ga lissafin tankinka. Haɗin giram 84 a lita ɗaya, mililita 107 nasa ne yake ɗaga 1 dKH a lita 300, wato giram 9 na garin. Alkaliniti ya sauka da 1.5 a kwana goma, 0.15 ke nan a rana, wanda ya yi daidai da mililita 16. Abin da tankin yake nema a lokacin shi ne ka tashi daga 40 zuwa 56 a kwalaben biyu tare, domin sababbin Acropora sun kama wuri sun fara girma. Ƙaruwar ci alama ce ta lafiya.

Kuskure mafi girma yana wurin gashi. Idan aka gasa bekin soda ruwa da iskar kabon suna fita, ya koma sodiyam kabonet, nauyinsa ya ragu amma ƙarfinsa yana nan: giram 84 na ɗanye yana komawa giram 53 bayan gashi. Kai kuwa ka auna 84 bayan ka gasa, don haka haɗinka ya fi na da ƙarfi da kusan ninki 1.6. Mililita 150 ɗin da ka juye ya kai ya ɗaga 2.2 dKH a lokaci ɗaya, ga pH da ya yi tsalle a wurin da ya zuba, ga kalshiyam mai kauri yana ɗiga a gefensa. Farin da ka gani garin alli ne ya haɗu a cikin ruwa. Abin da ya sa matsalar ta ƙi ƙarewa shi ne, sabon alli idan ya samu wuri yakan jawo wani ya hau kansa, musamman a kan abu mai zafi, domin kalshiyam kabonet ya fi saurin fita daga ruwa idan akwai ɗumi. Shi ya sa hita da famfo suka fi ɗaukar ɓawon. A yanzu wani ɓangare na abin da kake ɗigawa hita kake ciyarwa da shi. Irin wannan dutse ne ake haƙa a Ashaka ana yin siminti, shi ma a ƙarƙashin wani tsohon teku ya taru, sai dai can zamunna masu tsawo ya ɗauka, kai kuma a dare ɗaya ka yi naka.

Shawarata ita ce ka zubar da gasasshen haɗin ka koma ɗanyen bekin soda, giram 84 a lita, ka sa famfo a mililita 55 a rana, a rarrabe shi sau shida ko takwas, ya riƙa ɗiga a inda ruwa yake gudu da ƙarfi. Ka tsayar da kalshiyam gaba ɗaya har sai ya sauko wajen 420. Kada ka yi yunƙurin komawa 8 a wannan makon, domin 7 ba haɗari ba ne, shi ne ma na teku, kuma hawa da sauka ne yake ƙona tsinin Acropora. Ka riƙa gwada alkaliniti kullum a lokaci ɗaya na kwana biyar, ka rubuta, ka dawo mana da shi.

Batun kanwa kuwa, gaskiya ne cewa akwai sodiyam kabonet da baikabonet a cikinta, amma tana tafe da ƙasa da wasu gishirori, kuma ƙarfin wannan dunƙule ba ya zama ɗaya da na wancan, don haka ba a iya yin lissafi da ita. A bar ta a miyar kuka. Ka kuma kula a kanti kada a ba ka bekin foda a madadin bekin soda, domin shi akwai sitaci da wani sinadari mai tsami a ciki, sau da yawa mai fosfet.

Dattijon Bolari, Gombe

Assalamu alaikum. Malam ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara basira. Ni dai akwai lamba ɗaya a ƙarshen saƙon ɗana da ya ambata a gurguje, kuma a ganina ita ya kamata a fara dubawa, wato 1.028.

Ɗana, ruwan teku yana kan 1.026 ne, giram 35 na gishiri a kowane kilo na ruwa. Naka ya haura 37. Idan gishiri ya ƙaru da kashi biyar ko shida cikin ɗari, duk abin da ke narke a ruwan yana ƙaruwa da wannan gwargwado, ruwan da yake da kalshiyam 420 sai ya nuna wajen 445 ba tare da an ƙara masa komai ba. Ka ga ke nan wani kaso na 450 ɗinka daga nan ya fito. Abu biyu suke kawo mana wannan. Na farko hunturu: iskar Gombe a Disamba da Janairu tana shan ruwa kamar raƙumi, tankina da bai kai naka ba yakan rasa lita biyar a wuni idan fanka tana kaɗawa. Na biyu kuma sinadaran da kansu. Murjani yana ɗauke kalshiyam da kabonet ya bar sodiyam da kulorayid, su kuwa idan suka haɗu gishirin miya ne. Mililita 50 na kowace kwalba yana barin kusan giram 3 a rana, a shekara ya wuce kilo ɗaya. Idan ruwanka yana kan layin da ka saba amma gishiri ya hau, to wannan ne, kuma ƙarin ruwan daɗi kawai ba zai gyara ba. Sai ka ɗebe kimanin lita 16 na ruwan tankin ka mayar da na RO, lita huɗu a rana har kwana huɗu.

Sannan ka nemo kayan gwajin magniziyam kafin ka sake taɓa komai. A teku yana wajen 1,280 zuwa 1,300 ppm, kuma shi ne yake hawa kan sabon alli ya hana shi ci gaba da girma. Idan ya yi ƙasa, duk abin da ka zuba ɓawo zai koma. Haɗin 84 da 73.5 da kake yi daga tsarin Bajamushen nan Hans-Werner Balling ya samo asali, wanda ya wallafa shi a 1994, amma a tsarinsa akwai kashi na uku, gishirin teku wanda aka cire wa sodiyam kulorayid, domin mayar da magniziyam da sauran ƙananan sinadarai. Mu a nan da yawa kwalba biyu muke ɗauka mu bar ta uku. Ni ma haka na yi a shekarata ta biyu, sai da famfona ya ƙame tsakar dare, na wayi gari na tarar da farfelar ta manne kamar an sa mata siminti, kifaye suna haki a saman ruwa.

Ka ciro hita da famfon ka jiƙa su a ruwan khal na awa biyu ko uku, ka goge da tsohon buroshin haƙori, ka ɗauraye sosai. Yashin da ya dunƙule ka fasa shi da hannu a hankali. Game da pH kuwa, ni da ruwan kalshiyam haidiroksayid nake cike gurbin abin da ya ƙafe, wanda Jamusawa suke kira kalkwasa. Yana kawo kalshiyam da alkaliniti daidai gwargwado, yana ɗaga pH, kuma ba ya barin gishiri a baya. Da ni ne kai da can zan koma, sai dai a samu mai tsabta na abinci ko na ɗakin gwaji, kada a ɗebo farar ƙasar magina.

Ummu Lu'ulu'u, Fadaman Mada, Bauchi

Assalamu alaikum. Ina gaida Baba da Malam. Aikina na yau da kullum awo ne a ɗakin gwaje-gwaje, don haka ta wannan ɓangaren zan sa baki.

Ƙanena, duk lissafin da aka yi maka ya dogara ne a kan cewa famfon yana zuba abin da ya rubuta a fuskarsa, kuma wannan sai an tabbatar. Robar da ke cikin kan famfon tana laushi da zafi da tsufa, bakin bututun alkaliniti kuma yakan toshe da farin gari. Ka sa shi ya zuba mililita 50 a cikin kofin awo ko babban sirinji, sau uku ga kowane bututu, ka ga abin da ya fito. Ka kuma nisanta bututun biyu da juna, ka raba lokutansu da aƙalla rabin awa, kuma bakinsu ya tsaya a saman ruwa. Akwai wani abu da ya shafe mu musamman: idan famfon ɗiga yana kan inbata amma famfon mayar da ruwa yana kan wutar gari, duk lokacin da aka ɗauke wuta sinadari zai yi ta taruwa a tankin ƙasa cikin ruwan da ba ya motsi, ya ƙanƙare a can. Su biyun su kasance a layi ɗaya, idan ɗaya ya tsaya ɗayan ma ya tsaya. Bayan wuta ta dawo ka duba agogon famfon ko ya ɓata.

Wurin gwaji, ka ɗebi ruwan da sirinji, ka ɗauraye kwalbar da ruwan tankin kafin ka fara, ka duba canjin launi a kan farar takarda a haske iri ɗaya kullum. Bambancin 0.1 ko 0.2 dKH tsakanin jiya da yau ba dalilin taɓa famfo ba ne, sai an ga kwana uku ko huɗu suna tafiya ɓangare guda. Rifraktomitar ma, wato na'urar auna ƙarfin gishiri, a gwada ta da ruwan awo mai gishiri giram 35 a kilo kafin a gaskata 1.028, domin wadda aka saita da ruwan RO kaɗai tana iya karkacewa.

Baba, a gafarce ni, ina da ɗan ja a kan kalkwasa a wannan tanki a yanzu. Lita ɗaya ta cikakken haɗinsa tana ɗauke da ƙarfin da ya kai mililita 40 na ruwan bekin sodar ƙanenmu. Idan tankin yana ƙafewa da lita biyar a rana aka cike duka da shi, an zuba kwatankwacin mililita 200 ke nan, kusan 1.9 dKH, alhali tankin rabin dKH yake ci. Ga shi ƙafewar hunturu daban, ta damina daban, sai ɗigar ta riƙa bin yanayi maimakon bin buƙatar murjani. Idan za a yi, a auna kimanin lita ɗaya da rabi a ɗiga da dare, a tsayar da kwalaben biyu, sauran gurbin a cike da ruwan RO zalla. Amma tankin da yake fama da ɓawo ba na son a kai masa ruwa mai pH sama da 12, kada garin neman gira a rasa ido. Na fi son a ja siririn tiyo daga bakin iskar injin kumfa mai cire datti daga ruwa zuwa waje ta taga, a ɗaura masa soso saboda ƙura, nesa da hayaƙin janareta. Numfashin mutanen gida a rufaffen falo shi ne yake danne pH, kuma 7.8 da asuba abu ne da murjani yake iya jurewa.

Abban Murjani, Tumfure, Gombe

Assalamu alaikum. Baba, Malam, Anti, na gode ƙwarai, Allah ya biya ku. Na dawo da sakamako bayan kwana shida.

Na fara da famfo kamar yadda Anti ta ce. Da na sa 50 a bututun alkaliniti, 43 ya fito sau biyu, 42 sau ɗaya. Na ciro bakin bututun na ga ya toshe har ramin bai fi na allura ba. Na yanke wurin, na sauya robar, na sake saita shi har ya ba da 50 cif. Na kalshiyam 49 ya bayar. Famfon ɗiga kuwa lallai shi kaɗai ne a kan inbata tare da famfon igiyar ruwa na cikin tanki, kuma da na haska tocila a lungun tankin ƙasa na tarar da farin laka kwance a daidai ƙarƙashin bututun. Na zuƙe shi da tiyo, na mayar da famfon ɗiga layi ɗaya da na mayar da ruwa.

Rifraktomita ta nuna daidai a ruwan awo, saboda haka 1.028 ɗin gaskiya ne, kuma ruwan yana kan layinsa. Na bi shawarar Baba na ɗebe lita huɗu-huɗu na kwana huɗu, yanzu yana 1.026. Hita da famfo sun sha ruwan khal sun fito fes. Na ja tiyon iska ta tagar baya, pH na asuba ya koma 7.9 zuwa 8.0. Magniziyam na samu aron kayan gwaji a ranar farko, ya nuna 1,200, jiya kuma 1,130.

Alkaliniti, da mililita 55 na ɗanyen haɗi, kullum bayan sallar la'asar: 7.0, 6.9, 6.9, 6.8, 6.9, yau ma 6.9. Kalshiyam yau 410, ban ɗiga ko ɗaya ba tun ranar. Tsinin Acropora bai ƙara zamewa ba, ɗaya ya fara yin wata 'yar gansakuka mai ruwan ƙasa a kan farin wurin, ɗayan kuma ina ganin kamar naman yana rarrafowa ya rufe. Malam, tunda alkaliniti ya ɗan sauka, in ƙara zuwa 60 ne? Yaushe zan kunna kalshiyam, kuma yaya zan yi da magniziyam?

Malamin Kimiyya, Yelwa, Bauchi

Wa alaikumus salam. Madalla, ɗan'uwa, wannan labari ya yi daɗi. Kada ka ƙara zuwa 60. A cikin waɗannan kwanaki ka cire lita 16 daga 300 ka mayar da ruwan da babu komai a cikinsa, wannan kaɗai ya isa ya rage alkaliniti da kusan 0.4 dKH, amma 0.1 kawai ka gani. Ma'ana mililita 55 ya ɗan fi abin da tankin yake ci. Awon da Hajiya ta sa ka yi ma ya gyara lissafina na farko: 40 ɗin da famfon yake rubutawa wajen 34 ne a zahiri, idan aka ƙara 16 ɗin da muka samu ya zama 50, ba 56 ba. Ka bar shi a 55 na wasu kwana biyar ba tare da ka canza ruwa ba. Idan ya riƙa hawa a hankali ka sauke zuwa 50.

Kalshiyam ka kunna shi yau. Ragin gishiri ya sauko da shi daga 450 zuwa wajen 425, murjani ya ci sauran, kuma 410 wuri ne mai kyau. Ka sa shi daidai da na alkaliniti, daga yanzu kuma duk lokacin da za ka ƙara ko ka rage, alkaliniti ne zai faɗa, kwalaben biyu su motsa tare. Idan bayan wata ɗaya ko biyu kalshiyam ya kauce da 30 ko 40, ka gyara shi sau ɗaya da hannu, ka bar famfo yadda yake. Mililita 150 na haɗinka yana ɗaga 10 ppm a tankinka.

Magniziyam shi ne aikin wannan makon, kuma yawansa zai ba ka mamaki. Magniziyam kulorayid mai ƙwayoyin ruwa shida kashi 12 cikin ɗari ne kawai na nauyinsa magniziyam, don haka ɗaga 150 ppm a lita 300 yana cin kimanin giram 375. Ka narka shi a lita biyu na ruwan RO, ka raba shi kwana shida, 25 ppm ke nan a rana, ka gwada a kwana na uku da na bakwai. Gishirin Epsom, wato magniziyam salfet, da ake samu a kemis yana iya maye gurbin kaɗan daga ciki, amma idan aka yi duka da shi salfet zai taru. Wannan ƙari zai ɗan taɓa ƙarfin gishiri, ka riƙa duba rifraktomita.

Sai magniziyam ya wuce 1,250 sannan ka yi tunanin hawa 8, idan har kana so. Daga 6.9 zuwa 8.0 mililita 118 ne a kan ɗigar kullum, ka raba shi kwana huɗu, 30 a rana, da hannu a gaban ruwa mai gudu. Kafin nan ka gwada naitiret da fosfet, domin idan suna dab da sifili ya fi aminci ka tsaya a 7.5, Acropora sun fi ƙona tsini a ruwan da alkaliniti ya yi sama kuma abinci ya yi ƙaranci. Ranar da za ka canza ruwa ka gwada sabon haɗin gishirin tun yana bokiti, akwai masu fitowa da 11 ko 12 dKH. Reshen da gansakuka ta hau kuwa, ka sa tsabtataccen almakashin ƙashi ka datse farin tsinin daga ɗan ƙasa da inda naman ya tsaya, zai fi saurin rufewa a kan sabon yanka.